Aziza Ta Ƙi Sakin Bokiti

Haɗeja,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga ƙanwata Ummussalma,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sassauta miki aikin gidan mutanen da kike hannunsu a Jidda, Ya sa su riƙe ki da mutunci, Ya kuma dawo mana da ke a kan ƙafafunki. Mu nan lafiya lau muke, in ban da kewarki da ta ƙi tsufa. Iya tana nan da ciwon gwiwarta, ranar da ta ga dama ta taka har zaure, ranar da ba ta ga dama ba ta zauna a kan tabarma tana ba mu umarni, kuma kin san bakinta bai taɓa ciwo ba. Ɗan autanki Abdulmannan ya yi tsawo, haƙoransa na gaba sun zube, ya daina yarda a yi masa wanka a tsakar gida. Ruwa bana ya zo da ƙarfinsa, amma bai yi mana irin ɓarnar waccan shekarar ba. Ya ci gonar maigidana Malam Inuwa ta kwari, ya bar masa ta tudu, shinkafa ta fitar da kai, yanzu faɗan da tsuntsayen jan baki ne. Tun safe yana fadama yana kaɗa gwangwani yana ihu, ya dawo da murya a dishe, in na tambaye shi abu sai ya amsa mini da hannu.

Hajiya Kulu maƙwabciyarmu za ta zo umara, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da ba ya faɗuwa a waya. Kin san yadda wayarmu take, rabinta tambayar ko kina ji na, sauran rabin kuma Iya ta karɓe ta yi ta lissafa miki waɗanda suka rasu da waɗanda suka haihu. Maganar 'yarki Aziza ce, kuma ina so ki karanta a zaune, ba a tsaye a kicin ɗin mutane ba.

Mun kai ta makaranta ranar da aka koma, ni da Malam, a adaidaita sahu, akwatin ƙarfe a kan cinyarmu, katifa a ɗaure a sama. Ummussalma, da muka shiga ƙofar nan sai na gane komai. Makarantarmu ce dai, ba ta canza ba. Dogon yaron da muke shanya a gindinsa yana nan, ya ƙara kauri, ɗakin cin abinci yana nan da warin wake irin na da, har tagar ɗakin kwananki da ba ta rufuwa ina jin ba a gyara ta ba. Na tsaya ina kallon yara suna sauke kaya, sai nake ganin kamar ke ce za ki fito daga bayan rijiya da ɗankwali a karkace kina ce mini an cinye miki gari. Malam ya ce in matsa na tare wa mutane hanya. Yaran ƙauyukan wajen Kirikasamma wasunsu a kwalekwale aka fito da su har bakin titi saboda ruwa ya yanke hanya, suka iso da siket a jiƙe, iyayensu na ɗauke da buhun busasshen kifi maimakon madara da suga. Aziza dai ta yi kyau a cikin yunifom, na rage mata tsawon hijabin da hannuna, kuma duk wanda ya san ki ya gan ta sai ya ce ga Ummussalma an maido ta aji ɗaya.

Shugabar makarantar ta yanzu mace ce mai son jama'a. Ta ware mako guda na maraba da sababbi, ba a shiga aji, sai zagayawa da su a nuna musu masallaci da ɗakin magani da inda ake layin ruwa, a koya musu ma'anar kowace ƙararrawa, a raba su gidaje, da yamma a yi wasanni da gasar karatun Alƙur'ani. Ta kuma kira iyaye gayya, don ruwa ya kwanta a filin wasa, ciyawa ta kai ƙugu. Maza suka zo da lauje da shebur, suka share, suka cika buhuna da yashi suka jera a bayan katanga ta wajen kogi. Mu mata muka ɗora tukwane, aka yi dafa-duka da tarwaɗa, kowa da abin da ta kawo. A wurin na haɗu da matan da rabona da su tun muna 'yan mata, wasu na gane su da murya ne kawai don jiki ya tafi ya bar su. Kowacce sai ta tambaye ni ina ƙanwar nan tawa mai kuka, ni kuma in ce tana ƙasa mai tsarki, su ce kin ji daɗi. Na ci gaba da juya shinkafata.

Ranar ƙarshe bayan la'asar aka yi ɗaukar bokiti, yadda aka yi mana. Ba sai na tuna miki ba, amma zan faɗa don in ji daɗin faɗa: sababbi su jeru kowacce da bokitinta a gabanta, manyan 'yan aji shida su fito ɗaya bayan ɗaya, wadda ta ɗauki bokitinki ta zama uwar ɗakinki, ta kai ki gadonki, ta zaunar da ke ta yi miki kitson farko. Daga ranar ita ce mai tashinki sallar asuba, mai kama miki layi, mai tsaya miki in wata ta taka ki. Kin tuna yadda kika yi ta rawar jiki kina tsoron kada a bar ki ke kaɗai a fili, har Halimatus Sa'adiya ta Jahun ta zo ta ɗauki naki. Bana ma haka aka yi, muna zaune a benci muna guɗa. Wadda ta nufo Aziza sunanta Bara'atu, 'yar wani masunci daga Kirikasamma, doguwa baƙa mai sanyin hali, ita ce mai kula da masallacin ɗalibai. Da na ga ta doso ta sai na ce alhamdu lillahi a raina, don tun ranar gayya na lura da ita tana ɗiban wa tsofaffi ruwa ba wanda ya sa ta.

Bara'atu ta sunkuya za ta ɗauka, sai Aziza ta riga ta, ta rungume bokitin da hannu biyu a ƙirjinta. Yarinyar ta ɗauka wasa ne, ta yi murmushi ta ɗan ja, Aziza ta ƙara ƙanƙamewa. Mutane suka fara dariya, ni ma na yi, ina cewa halin uwarta ne. Sai na ji muryar Aziza a tsakiyar fili, ba da tsiwa ba, ba kuma a ɓoye ba, tana cewa ita a bar ta, tana da uwarta, za ta ɗauki kayanta da kanta. Dariya ta tsaya. Bara'atu ta daɗe a tsaye hannunta a miƙe, sannan ta koma gefe, ba ta ɗauki na kowa ba. Kowace yarinya ta tafi da mai riƙe mata hannu, taki ta bi bayansu ita kaɗai da bokiti a ka. Na ji kunya, na ji haushi, kuma wallahi da a gida ne da ta sha ranƙwashi, amma da na kalli bayanta tana tafiya sai haushin ya koma wani abu daban, na ja mayafi na rufe fuskata.

Kin san makarantar kwana ba a zamanta da ƙarfin kai. Da na koma ranar ziyara na same ta ta faɗa, idanu sun zurma, kitson da na yi mata a gida shi ne a kanta har ya tsufa. Metiron, mai kula da ɗakunan kwanansu, ta ja ni gefe ta ce kullum ita ce ƙarshe a layin ruwa, sau da yawa ƙararrawar aji ta same ta ba ta yi wanka ba, abinci kuma in ba ta samu wuri ba sai ta haƙura ta koma ta jiƙa gari. An sace mata silifa, ba ta gaya wa kowa ba, ta kwana biyu tana yawo da takalmin makaranta har banɗaki. Ba ta faɗa da kowa, ba ta wasa da kowa. Shugaba da kanta ta ce mini yarinyar tana da ƙoƙari, amma ba za ta zuba ido ta lalace a hannunta ba, in har aka kai hutun tsakiyar zango ba ta sake ba, gara mu zo mu ɗauke ta, ga yara da yawa suna jiran gurbi. Gurbin nan Aziza da kanta ta ci shi a jarrabawa, kuma saboda karatun nan kika bar gida tun bayan rasuwar babansu kika tafi wankin tukwanen wasu. Bara'atu kuwa, Allah Ya yi mata albarka, har yau ba ta yi fushi ba. An ce takan cika bokiti ta ajiye a bakin gadon Aziza ta wuce, ita kuma ta ɗauka ta mayar mata ƙofar ɗakinsu.

Na zaunar da Aziza a gindin dogon yaro, na buɗe mata dambun da na kawo, na yi faɗa, na yi lallashi, na ce ni da uwarki duk mun yi uwar ɗaki kuma ba abin da ya ragu a jikinmu. Ta daɗe tana wasa da cokali kafin ta yi magana. Ta ce ranar sunan gidan Hajiya Kulu ta ji mata suna cewa 'yar fari ba ta uwa ba ce, an riga an bar mini ita, ni 'Yar'azumi, ko kin dawo Abdulmannan kaɗai za ki ɗauka. Ta ce da farko ba ta yarda ba, sai ta fara kasa kunne in kin kira waya. Kina tambayar Abdulmannan da sunansa, kina tambayar gwiwar Iya, kina tambayar shinkafa, har akuyar da kika bari kina tambaya ko ta haihu, ita kuwa sai dai ki ce yaran gidan suna lafiya. In an miƙa mata wayar, ki ce ta yi karatu ta ji maganar Inna, wato ni, ki ce a ba Iya. Ta ce to in ta karɓi wata uwar a makaranta, ga ni kuma a gida, za ki ce ai ta samu masu riƙe ta, ba sauran abin da zai dawo da ke saboda ita. Ta faɗi wannan idonta a bushe.

Na gaya mata kunya ce, na ce haka Iya ta yi mini, ni da nake ta fari, har na yi aure ban ji sunana a bakinta ba. Ta ce ai ni ina ganin Iya kullum. Ummussalma, duba min nan. Gaskiyar yarinyar ce. Iya ba ta kiran sunana, amma ina ganin wa take ajiye wa ƙanzo, ina jin hannunta a goshina in zazzaɓi ya kama ni. Kunyar 'yar fari ta mutanen da ke gida ɗaya ce, inda ido ke faɗin abin da baki ya ɓoye. Ke kuwa murya kaɗai gare ki a wurinta, kuma muryar ce kike rufewa. Na san kina sonta, ni ce na ga yadda kika juya baya a tashar mota don kada a ga fuskarki, amma ita bayan kawai ta gani. Na ba Iya labarin duka, ina jiran ta ce yaran zamani ba su da ta ido. Sai ta ce a zamaninsu ba a haye teku a bar yaro.

Ba zan ɓoye miki ba, ina son yarinyar nan kamar in haɗiye ta. Allah bai ba ni mace ba, kuma tun da ta tafi makaranta gidan ya yi mini faɗi, nakan dafa abinci da rabonta sai na zo rabawa in tuna. Da za a bar mini ita da na fi kowa murna. Amma ba ni take jira ba, kuma ba zan karɓi abin da mai shi yake kuka a kansa ba.

Ga abin da nake roƙonki, ni yayarki. Ranar Lahadi bayan azahar ake ba yara wayar metiron, na rubuta miki lambar a bayan takardar nan. Ki nemi izini wurin uwar gidanki, ki shiga inda ba kowa in kunyar mutane kike ji, ki kira. Kada ki fara da karatu, kada ki ce ta ji maganar Inna. Ki kira sunanta, sunan da ke kika zaɓa mata kika raɗa mini tun tana ciki. Ki gaya mata taki ce, aro kika ba ni, kuma ranar da kika dawo ita za ki fara nema. Sannan ki ba ta labarin Halimatus Sa'adiya, ki ce ke kika ce ta miƙa wa Bara'atu bokitin. Ba na tambayar ki yaushe za ki dawo, na san ba a hannunki yake ba. Wannan kuwa a hannunki yake, kuma hutun ya matso.

Iya tana gaishe ki, ta ce ki yi mata addu'a in kin samu shiga Harami, ki kuma daina aiko mata da man zafin nan mai wari. Malam Inuwa yana gaishe ki da abin da ya rage masa na murya. Kawu Ari da iyalinsa, da Shu'ibu da amaryarsa, da Mukhtar na Jahun, duk suna gaisuwa. Abdulmannan ya ce a gaya miki ya iya Fatiha ba gyara. Ki gaishe mini da 'yan garinmu da kuke haɗuwa, musamman Ummi. Na sa miki kuka da daddawa da ɗan busasshen kifi a kayan Hajiya, in sun bari an wuce da shi.

Da zan taho daga makaranta na tambayi Aziza me zan rubuta miki daga wurinta. Ta ce kada in rubuta komai. Ta ce in kin tambaye ta, za ta amsa.

Wassalam. Taki har kullum,
Yayarki 'Yar'azumi.