Gishiri Ya Yi Yawa

Talata da hantsi

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan ka tashi lafiya. Ya ƙafa, ya kuma jirin nan? Ina fatan kana shan maganin hawan jininka a kan lokaci, ba sai ran da ka ga dama ba. Mu nan sama lafiya lau, sai kewarka. Amaryarka tana gaishe ka. Ta fara haƙori, duk abin da ta samu sai baki, har igiyar bokitin nan ba ta ƙyale ba.

Na rubuta da manyan haruffa don kada ka ɗora wa tabarau laifi. Jiya na sake gwada kiranka a waya. Ina jin muryarka ta taga kana ta tambayar wa ke magana, ni kuwa ina ta ihu ba ka ji na, har yarinya ta farka. Shi ya sa na ce mu tsaya a kan takarda. Ina bene na uku, kana shagonka a ƙasa, amma sai wasiƙa a bokiti kamar kana wata ƙasa. Ka daure dai. Tun da aka sa dokar kullen nan muka yi alkawari ba wanda zai matso kusa da kai, kuma ba zan karya ba. Surukinka yana can inda rufe hanya ya ritsa da shi da motarsa, ya ce in gaishe ka da kyau.

Baba, ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Titin nan da ba ka iya tsallakawa sai ka ɗaga hannu, yau ko kare ba ya bi. Jiniyar motar asibiti kawai ake ji. Ina tsaye a taga ranar da suka zo suka ɗauki mai askin da ke jikin shagonka, sun rufe jikinsu ruf da fararen kaya, matarsa na bin motar ba takalmi. Mutumin da ko sati biyu ba a yi ba ka ba ni labarinsa muna dariya, wai yana ta zagin masu sayar da turare sun koma sayar masa da ruwa. Allah Ya tashi kafaɗunsa. Ni yanzu abin da ke kwantar mini da hankali shi ne ƙarar kekenka. In na ji ka fara ɗinki da safe sai in iya shan shayi.

Takunkuman da ka ɗinka sun iso, na ba Nas ta ƙofar da ke kallon tawa guda biyu, ta ce sun fi na wurin aikinsu zama a fuska.

Sai kuma albishir. Tun da Umma ta rasu na karɓi girkinka, ban taɓa aiko maka da kwano ya dawo ba tare da ƙorafi ba. Ko ɗan mitsitsi na barbaɗa, sai na tarar da ƙyalle a bokiti ka rubuta da allin ɗinki: gishiri ya yi yawa. To kwanakin nan shiru, kwano yana dawowa a wanke tas. Ashe dai zan ga ranar da na burge ka! Kodayake ba gwanintata ba ce, gishirin da na sayo wannan karon ne ba shi da ƙarfi ko kaɗan. Ka san yadda Umma ta koya mini, ba awo, a zuba kaɗan a ɗanɗana har harshe ya ce ya isa. Wannan kuwa sai in yi ta zubawa kafin in ji alamarsa. Komai ya lalace a kasuwa.

Kaina yana ɗan sarawa tun shekaranjiya, amma rashin barci ne. Ka gaida kekenka.

Taka har kullum,
Auta

*

Juma'a da rana

Babana,

Sallama da gaisuwa. Ya jikinka? Don Allah wannan karon ka amsa mini da gaske, ba gaisuwa ce kawai ba.

Ka yi haƙuri da rubutun. Jiya na ga Nas ta dawo daga aiki tana jan ƙafa, sai tausayinta ya kama ni, na zuba mata irin miyar da na aiko maka na ajiye a bakin ƙofarta. Ba a jima ba ta ƙwanƙwasa, ta ja da baya can jikin bango da takunkuminta. Ta ce loma ɗaya ta yi ta tofar, wai ba miya ba ce, gishiri ne aka jiƙa. Na fara yi mata bayanin gishirin bana, sai na ga idonta ya canza. Ta ce in ɗauko kwalbar man zafin da nake shafa wa goshi in shinshina. Baba, na kai hancina har cikin kwalbar. Ban ji komai ba. Na shinshina sabulu, na shinshina albasa, na shinshina wuyan amaryarka da nake gane warinsa ko a cikin barci. Babu.

Na koma na duba gwangwanin gishiri. Wanda yake yi mana wata, ya kusa ƙarewa. Gishirin lafiyarsa ƙalau, harshena ne ya mutu. Nas ta ce alamar ciwon nan da ke yawo ke nan, ta kira masu gwaji sun zo da safen nan sun ɗauki abin da za su auna. Ba sai sun faɗa ba, na sani. A layin kasuwa na kwaso shi, ko a wurin mai magani.

Ba kaina nake ji ba. Nas ta ce masu shekaruna galibi suna tashi, ta ce in ci gaba da ba yarinya nono da takunkumi a fuskata. Kai nake ji. Tun jiya tambaya ɗaya ke cin raina: yaya aka yi ka cinye wannan abincin ba ka ce uffan ba? Kai da kake gane ƙwayar gishiri ɗaya a tukunya guda? Amsa ɗaya na samu, kuma ba na son ta. Kai ma ba ka jin ɗanɗano. Na hana kowa zuwa kusa da kai, na hana kaina, ashe ni ce nake sauko maka da ciwon a bokiti safe da yamma da hannuna.

Yau ban yi girki ba. Burodi ne a ledarsa da dafaffen ƙwai a ɓawonsa, na wanke hannu har ya yi fari kafin na taɓa, na goge igiyar da bokitin. Na sa maka tafarnuwa guda a ƙullin takarda. Ka fasa ta ka shinshina, sannan ka ɗiga man keke a yatsa shi ma ka shinshina. Ka rubuta mini ko ka ji ko ba ka ji ba. Kana tari? Jikinka da zafi? Maganinka da saura?

Zan zauna a bakin taga da igiyar a hannuna har ka ja.

'Yarka,
Auta

*

Lahadi

Baba,

Ina gaisuwa, ina kuma fushi. Na tambaye ka abu huɗu, ka aiko mini da hular jariri da ƙyalle wai in sha ruwan ɗumi in kwanta. Hular ta yi mata kyau, na gode. Amma ba ita na tambaya ba.

Sakamakon ya fito, ina da shi. Zazzaɓin yana zuwa yana tafiya, ina iya tsayuwa, yarinya lafiyarta lau. Ka ga ni na faɗa maka gaskiya.

Na leƙa ka jiya da ka fito kwance bokiti. Daga nan sama hularka kawai nake gani da kafaɗunka, amma na ga kana dafa bango. Na ga kuma ka yanke bayan takalminka ka mai da shi silifa. Ƙafar ta kumbura ne? Na kira ka har maƙogwarona ya yi zafi, ba ka ɗago ba. Kekenka ma ya canza murya. Da yakan yi gudu ne ya daɗe, yanzu sai ya ɗan taka ya tsaya, ya ɗan taka ya tsaya.

Sau biyu ina goya yarinya ina buɗe ƙofa zan sauko. Sai in tsaya a kan matakala in tuna abin da ke jikina. In ba ka da shi, na kai maka. In kana da shi, na bar ka kai kaɗai. Ban san wanne ne ya fi muni ba, sai in koma ciki in rufe ƙofa in yi kuka.

Na roƙi Nas ta duba ka, amma sun riƙe ta a wurin aiki tun jiya, sai gobe da safe za ta dawo. In ta ƙwanƙwasa ka buɗe mata, kada ka ce mata lafiyarka ƙalau ta bayan ƙofa. Na san halinka.

Allah Ya kwana da mu lafiya.

Auta

*

Alhamis da safe

Zuwa ga Babana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ya jiki, Baba? Ya ƙarfin hali? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Nas ce za ta kawo maka wannan, ta yi alkawarin riƙe maka takardar daidai idonka in hannu ya gaji.

Ta ce ba ka tuna abin da ya faru ranar Litinin ba, to bari in faɗa maka. Na tashi ban ji keke ba. Na haɗa shayi ya huce ban sha ba. Na saukar da bokiti, ya zauna a ƙofar shago, na girgiza igiyar har ya yi ta bugun ƙofa, shiru. Ina cikin haka na hango Nas ta shawo kwana. Ban san irin ihun da na yi ba, na dai ga ta yar da jakarta ta sheƙo da gudu. Ita da mai gadin gidan suka ɓalle ƙofa. A ƙasa suka same ka, jikin keke, almakashi na kusa da hannunka, bakinka ya karkace.

Da motar asibiti ta zo ina tsaye a saman matakala da yarinya a baya. Ta tsakanin ƙarafuna na hangi ƙafafunka lokacin da suka fito da kai. Ubana ake fitarwa, ni kuwa ko taku ɗaya ban iya yi ba. Har in mutu ba zan manta da wannan tsayuwar ba.

Shekaranjiya Nas ta dawo da labari. Sun gwada ka har sau biyu, ba ka da ciwon. Ko kaɗan. Jininka ne ya hau ya buge ka, ya taɓa ɓarin dama. Na fara hamdala, sai kuma na tsaya. Na ce mata to in harshensa lafiya lau, yaya aka yi? Ta ce ita ma ta tambaye ka, ka ba ta amsa da ƙyar, kalma ɗaya ɗaya.

Ashe tun cokalin farko ka ji. Ashe da ka karanta zancen gishiri marar ƙarfi sai ka tuna mai aski da turarensa, ka gane abin da ke jikina tun ni ban gane ba. Ka ce in ka yi magana zan firgita, ga ni ni kaɗai da jaririya, nono zai ƙafe, gara in warke ban ma san na yi ba. In ka maido kwano da abinci zan tambaya. Kwandon shara kuma yana ƙarƙashin tagata, kai kuwa ko ƙyalle ba ka iya zubarwa, balle abinci. Sai ka zauna ka cinye, safe da yamma, ka wanke kwano ka ɗaura. Maganinka ma ya ƙare ka ɓoye, don kada in sake fita layi.

Baba, wane irin abu ne wannan? Shekara nawa kana yi mini faɗa a kan ɗan abin da bai cika tsinin cokali ba, ranar da faɗan zai yi amfani kuma sai ka yi shiru? Ina jin haushinka, ina jin haushin kaina, kuma ban taɓa sanin ana son mutum haka ba. Ni ina sama ina tsoron shirunka, kai kana ƙasa kana tsoron gishirina.

Likita ya ce ba a fita daga haɗari ba tukuna, sai an ga yadda kwanakin nan za su wuce. Ya ce hannun dama bai motsa ba har yanzu. Duk lokacin da na ji takun Nas a matakala sai in tsaya bayan ƙofa in kasa buɗewa. Amma jiya ta shigo da dariya, ta ce ka ture abincin asibiti ka ce lami ne, ko ruwa ya fi shi daɗi. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan ta koma kuka.

Zazzaɓina ya sauka. Ɗazu ina gyara aljihun tebur na ci karo da ƙyallayenka, ashe duk na tara su ban sani ba. Na kai ɗaya fuskata, sai na ji warin man keke, kaɗan, can nesa. Shi ne abu na farko da hancina ya ji. Surukinka ya samu izinin wucewa, yana hanya. Amaryarka haƙori ya fito, guda ɗaya a ƙasa, tana jiran angonta ya zo ya gani. An gyara ƙofar shago, na sa an lulluɓe keken.

Na sayi cokalin awo ta hannun Nas, Umma ta yafe mini. Yau da shi na yi maka 'yar miya, likita ya yarda a kawo, gishirin ciki ko yaro ba zai ji ba. Amma na san kai za ka ji. Na sa alli da ƙyalle a cikin ambulan ɗin nan. In hannun dama ya ƙi, ka rubuta da hagu, ko ya karkace zan karanta. Ka san abin da nake so ka rubuta.

Ina bakin taga ina jira.

'Yarka mai hannun gishiri,
Auta