Ba a Karɓar Tsabar Kuɗi

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

An ba wata yarinya 'yar Vietnam rumfar da ke kusa da tawa a kasuwar Woolwich, nan Landan. Thuy. Miyar taliya take sayarwa. Ba za ta girmi 'yata Janet da yawa ba. Ta manna takarda cewa ba ta karɓar tsabar kuɗi, sai kati ko waya.

Na tambaye ta ko ba ta tsoron korar masu saye. Ta yi dariya, ta ce a garinsu Da Nang sa'anninta ba sa fita da jakar kuɗi, ko ruwan rake za su sha, waya suke nunawa. Ba neman canji, ba jira. Na ce mata ni masa nake soyawa, kuma tun a Kafanchan hannu da hannu na san ciniki. Rabin masu sayen masata tsofaffi ne, sulalla suke ba ni.

Asabar, 11 ga Oktoba

Wani mutum mai hular toka ya sayi masa kaɗan da babbar takardar kuɗi. Da na zuge jakar da ke ƙuguna zan ba shi canji, ba fuskata yake kallo ba.

Thuy ta ce ta ga ya jefa masar a shara a bakin tasha, ko buɗewa bai yi ba.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ƙila bai ji daɗin ƙamshin ba ne kawai.

Asabar, 18 ga Oktoba

Aziz mai kifi bai fito ba. Jiya da yamma aka tare shi a inda yake ajiye mota, aka ƙwace jakarsa, aka karya masa hannu. 'Yan sanda sun zagaya, sun yi tambayoyi, sun tafi.

Da kasuwa ta lafa Thuy ta kawo mini miya a kofi. Ta ce abin da ta faɗa mini ran nan gaskiya ne, amma ba shi ne nata dalilin ba. Uwarta kifi take sayarwa ita ma. Wata rana tana komawa gida a babur, wasu suka fizgi jakar ciniki da ke rataye a wuyanta. Igiyar ba ta tsinke ba. Suka ja ta a kan kwalta. Har yau da sanda take tafiya.

“Aunty, ba don birgewa ba ne,” in ji ta. “So nake duk mai kallona ya san babu komai a jikina.”

Na kai kofin baki. Miyar ta yi yaji.

Asabar, 25 ga Oktoba

Mai hular toka ya dawo. Babbar takarda kuma. Yana karɓar canji ya ce, “Yau Janet ba ta zo taya ki ba?”

Ban taɓa kiran sunanta a gabansa ba. Na yi ta tunani, ban taɓa ba.

Gobe za a mayar da agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda ake yi a ƙasar nan in hunturu ya gabato. Kafin in gama kwashe kaya duhu zai riƙa yi.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Ban ji huɗuba ba a coci. Na ce wa Janet kada ta ƙara zuwa kasuwa. Ta amsa da Turanci kamar kullum, wai me ya faru. Na ce karatu ya fi. Babanta yana Jos sai Kirsimeti, ban gaya masa ba, me zai yi daga can.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Thuy ta ara mini ƙaramar na'urar katinta ta biyu, ta rubuta mini takarda irin tata da hannunta. Na bar jakar ƙugu a gida. Duk yini hannuna yana kaiwa wurin.

Mai hular toka ya zo da la'asar. Ya miƙo takardar kuɗi, na nuna masa rubutun. Ya daɗe yana karantawa, kamar mai tsawo ne. Sannan ya yi murmushi, ya ce, “Kin koyi darasi ke nan.” Ya ninke kuɗinsa, ya wuce a hankali zuwa rumfar Baba Inusah mai doya, ya tsaya a layi.

Na koma kan tandata. Daɗi na ji, Allah Ya yafe mini. Daɗi na fara ji.

Da muka tashi na je na gaya wa Baba Inusah. Ya ce, “Lovelyn, 'yata, ko karatun waya ban iya ba.” Thuy ta ce za ta koya masa ranar Talata.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Rumfar doya a rufe. Ba wanda ya san dalili. Wayarsa tana shiga, ba a ɗauka.

Mama Safura, wadda take sayen masata tun ranar da na fara, ta zo da sulallanta a ƙulle cikin hankici. Na ce mata ba na karɓa yanzu. Ta ce, “Har ni?” Na duba bayanta, na duba bakin tasha, na ce na'urar ce ba ta yarda. Ta ƙulle hankicinta ta tafi.

Da na sani, da na ba ta kyauta. Sai a bas wannan ya faɗo mini.