Ɗigon Idon Baba da Azumi

Hajiya Ummusalma, don Allah ki taimake ni, abin duniya ya ishe ni kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Mahaifina mai awon gero ne a kasuwar Zurmi. Idonsa na hagu ya mutu tuntuni, tun da wani mai maganin gargajiya a Shinkafi ya soka masa allura wai zai kwantar da yanar ido. Na dama ya rage, shi ma yanar ta rufe shi, ga wani farin tabo a kan baƙin idon. Wata huɗu da suka wuce muka kai shi babban asibiti aka yi masa aiki biyu lokaci guda: aka cire yanar, aka kuma dasa masa fatar gaban ido ta wani mamaci. Na dawo da shi gidana a Ƙaura. Bayan sati uku ya dube ni ya ce mayafina kore ne. Wallahi sai da na yi kuka. Tun daga ranar bai taɓa sallame salla bai yi wa mai idon nan addu'a ba, alhali ko sunansa ba mu sani ba.

Sai azumi ya kama. Likita ya ce a ɗiga magani sau huɗu a yini, Baba kuwa ya ce yana jin ɗacinsa a maƙogwaro, don haka azuminsa na karyewa. Ya rantse ba a ɗiga masa da rana. Kin san tsofaffinmu, tun yana yaro bai taɓa shan azumi ba. Ni kuma da wayona sai na ce to a haɗa huɗun duka a ɗiga bayan buɗe-baki. Ni na kawo shawarar nan, ba kowa ba. Da likita ya kira, na ce masa komai na tafiya yadda ya ce.

Yau kwana biyar idon ya yi ja, yana hawaye, ba ya son haske, hazo ya dawo. Jiya ya miƙa hannu ɗaukar buta ya kuskure. Ya ce mu bar wa Allah. Yayana Namadi yana Galadi, hanya ba lafiya, kuma bai san abin da na yi ba. Kunyar likita nake ji, tsoron Namadi nake ji. Shin idon ya tafi ke nan? Ni na makantar da ubana?

Ɗiyar mai awo, Ƙaura Namoda

Ɗiyata, share hawayenki ki nemi mota. Hazo kaɗai ba abin tsoro ba ne, don irin wannan aikin yakan ɗauki watanni, wani lokaci har shekara, kafin gani ya daidaita. Amma ja da hawaye da gudun haske, ga gani na raguwa, alamu ne da likitocin ido ke cewa jiki ya fara ƙin abin da aka dasa. In an yi sauri sau da yawa ana ceto idon, in an yi jinkiri ana iya rasa shi. Ba zan yi miki alkawarin abin da ban sani ba, amma kada ki jira Namadi, kada ki jira Salla. Kira likita yau, ku kama hanya da safe.

Ki gaya masa gaskiya duka. Faɗan da zai yi miki na minti biyu ne, kuma sai ya san abin da ya faru zai san maganin da zai ba da.

Kin yi kuskure, amma neman mafita kika yi tsakanin likita da uba, ba mugunta ba. Shi ma Baba tsoron Allah ne ya sa shi. Malamai sun saɓa kan ɗigon ido, amma ba su saɓa ba cewa marar lafiya na da rangwamen ya sha ya rama. Samo malamin da yake jin maganarsa ya faɗa masa haka. Likita kuma zai nuna miki yadda ake danne gefen ido ta wajen hanci bayan an ɗiga, don rage ɗacin nan.

In ya ƙara cewa a bar wa Allah, ki tuna masa bawan Allahn da yake yi wa addu'a sau biyar a rana. Idon nan amanarsa ce a hannun Baba, kuma ɗigo huɗu kawai take nema.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa ya sake faɗa miki launin mayafinki.

Hajiya Ummusalma