Ta'aziyyar Alhaji Kalilu Mainasara da Neman Afuwa kan Rumfunan Talla

Cikin alhini, da kuma kunyar da ta hana mu ɗaga kai mu dubi jama'a, Hukumar Gudanarwa ta Kamfanin Filaye da Gidaje na Tudun Albarka, Daura, ƙarƙashin Shugabanta, Alhaji Sharu Sabiru, tare da ɗaukacin ma'aikata da dillalan kamfanin, tana sanar da samun labarin rasuwar babban jami'inta mai kula da hulɗa da jama'a da ɗaukar nauyin ayyukan al'umma, dattijon arziki, Alhaji Kalilu Mainasara, wanda Allah Ya yi wa cikawa da hantsin Talatar da ta gabata bayan gajeruwar rashin lafiya, aka kuma yi masa sutura a ranar kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya bar mahaifiyarsa, Hajiya Inno, da mai ɗakinsa, Hajiya Hussaina, da 'ya'ya da 'yan'uwa, cikinsu har da ƙaninsa, Malam Maliki Mainasara.

Marigayin ya shigo wannan kamfani tun kamfanin yana ɗan ƙaramin shago a kusa da tasha, lokacin da mutane ke yi mana kallon 'yan awon igiya masu sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. A farkon dawowar Shari'a, da muka daina ɗaukar makaɗa da 'yan rawa su yi mana talla a ranakun kasuwa, har muka rasa ta inda za mu ɓullo wa lamarin, shi ne ya zaunar da Hukumar Gudanarwa ya faɗa mata cewa mutumin Daura ba ya sayen fuloti a hannun wanda bai taɓa gani a sabgarsa ba, don haka in muna son jama'a su zo ofishinmu, to mu fara zuwa unguwanninsu. Da wannan shawara ne kamfanin ya sa kofi a gasar ƙwallon ƙafa ta matasan unguwanni, ya ɗauki nauyin kyaututtukan musabaƙar makarantun Islamiyya, ya haƙa rijiyar burtsatse a wani ƙauye na Mai'adua, ya kuma sayi rumfunan tamfol da kujerun roba da ake ara wa masu biki da suna da walima kyauta.

Allah Ya jiƙan Alhaji Kalilu, ba ya jin nauyin talla ko kaɗan. Kowace rumfa tamu tana ɗauke da sunan kamfani da lambar waya da hoton gida mai jan kwano, kuma in ya iske an kafa ta rubutun yana kallon bango, da kansa zai tattare babbar riga ya sa a juya ta. A wurin ɗaurin aure ango ba ya tsira daga bakinsa, sai ya ja shi gefe ya tambaye shi har yaushe zai ci gaba da raɓawa a ɗakin zauren mahaifinsa alhali ga fulotai can kan hanyar Zango suna jiran mai rabo. Ana dariya, amma bayan sati sai ka ga angon ko babansa a ofis. Mafi yawan filayen da muka sayar, a ƙarƙashin waɗannan rumfuna aka fara maganarsu.

Sai dai akwai wuri guda da ya haramta wa tallan kamfani shiga, wato gidan rasuwa. Ya sa aka ɗinka fararen rumfuna marasa ko harafi ɗaya a jikinsu, ya ware musu kujeru marasa tambari, ya kuma kafa doka cewa a-kori-kurar kamfani ta riƙa tsayawa can bakin titi a ƙarasa da kayan a ka, don kada a ga sunanmu a ƙofar masu makoki. Yakan ce wanda ya zo gaisuwar mutuwa, in ya ɗaga kai, lahira ya kamata ya tuna, ba lambar wayar dillali ba. Mun sha yi masa gardama a taro, ni mai sa hannu a wannan takarda ina sahun gaba, muna cewa ba inda jama'a ke taruwa kamar zaman makoki, har muka laƙaba wa rumfunan suna "asarar Alhaji". Murmushi kawai yake yi, bai taɓa janye dokar ba.

Abin da ya sa muke magana a bainar jama'a shi ne abin da ya faru a ƙofar gidansa ranar da ya rasu. Da aka buɗe sito ba a iske fararen rumfunan ba, kuma maimakon mu tambayi inda suke, ko mu aro wasu a gari, sai muka loda na talla muka kai har ƙofar gidan da motar kamfani. Da aka dawo daga maƙabarta, limamai da masu unguwanni da baƙi daga Kongolam har tsallaken iyaka suka zauna a ƙarƙashin hoton gida mai jan kwano da rubutun da ke kiran su su zo su mallaki fuloti. Subhanallahi! Abin bai tsaya nan ba, domin da wasu baƙi suka soma tambayar filayen hanyar Zango, sai dillalanmu suka shiga ba su amsa, har wani ya zaro takardun talla daga aljihu ya bi sahu yana miƙawa tsakanin fatiha da fatiha. Ba za mu ɗora wa ma'aikatan sito ko dillalai laifi ba, saboda manyan kamfanin muna zaune a wurin. Ni na gani da idona, na kawar da kai, wallahi har na ji a raina cewa taron ya yi kyau.

Da labari ya kai ga Hajiya Inno a cikin gida, tsohuwar da ke dogara sanda ta fito har bakin zaure, ta sa aka kwance rumfunan a gaban kowa, aka shimfiɗa tabarmin maƙwabta a gindin darbejiya, wanda bai samu inuwa ba ya zauna a rana. Washegari da tawagar kamfani ta je gaisuwa, Malam Maliki ya tare mu a waje, ya ce Inna ta ce ƙasar kabarin ɗanta ba ta bushe ba muka maida ƙofar gidansa kasuwa, don haka mu koma, ba ta karɓi gaisuwarmu ba. Muka juya muka tafi, kuma ba mu ga laifinta ba.

Sai da muka koma ofis muka san inda fararen rumfunan suke. Ashe ana jibi zai rasu, yana kwance ciwo ya fara cin ƙarfinsa, marigayin ya kira direba ya sa aka kai su wani ƙauye bayan Zango, gidan wani manomi da ya rasu, wanda bai taɓa sayen ko taku ɗaya a hannunmu ba. Wannan ne aikin ƙarshe da ya yi wa kamfanin. Kaico, ya rufa wa baƙo asiri, mu kuwa muka kasa yi masa abin da ya shekara da shekaru yana yi wa mamatan wasu.

Hukumar Gudanarwa ta zartar da cewa daga yau dokar Alhaji Kalilu ta zama dokar kamfani, kuma duk wanda ya sake kai talla gidan makoki, komai muƙaminsa, ya bar aiki. Mun san wannan ba zai goge abin da idon jama'a ya gani ba. Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya gafarta wa marigayin, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, Ya kuma bai wa Hajiya Inno da Hajiya Hussaina da 'ya'yansa da Malam Maliki da sauran dangi haƙuri da juriyar wannan babban rashi, amin.

Inna, ke muke roƙo, da girman Allah da darajar ɗanki, ki yafe mana ki bar mu mu zo mu durƙusa mu yi miki gaisuwa. Fararen rumfunan sun dawo daga Zango, an wanke su, suna naɗe a bakin sito. In kin yarje, ranar sadakar bakwai Shugaban kamfani da mu 'yan Hukumar Gudanarwa za mu ɗauko su a ka tun daga bakin titi, mu kafa su da hannunmu, mu koma bayan sahu mu zauna. In kuma ganin fuskokinmu ne ba ki so, to ki bari a kawo su ko ba mu, don wanda ya ɗinka su ya samu inuwarsu a ƙofar gidansa ko da sau ɗaya ne.

Sa hannu:
Malam Sagir Muhsin Zango
Kakakin Hukumar Gudanarwa,
Kamfanin Filaye da Gidaje na Tudun Albarka, Daura.