Ilu da Kwandon Dabino

Daren Laraba, unguwar Gurda, birnin Sabha

Yau ɗana Ilu ya kai ƙarshen sura! Na kwanta, murna ta hana ni barci, shi ne na tashi rubutu.

Malamarsu ta aiko cewa in bai kawo hadda ranar Asabar ba, kada ya dawo. Likita ta riga ta ce mini ba aljanu ba ne, ba rashin ji ba ne, hankalinsa ne ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na yarda, amma yardar ba ta zaunar mini da yaro ba.

Da la'asar maƙwabciyata Balarabiya, Hajiya Mabruka, ta shigo da kwandon dabinon garin Ghuddwa mu cire ƙwallo. Ilu na ta tsalle daga taga zuwa buhun shinkafa, ni ina ta "zauna, zauna" har muryata ta dushe. Sai Hajiya ta ce da guntuwar Hausarta, "Maman Ilu, bari zauna. Ba shi aiki."

Ta tura masa kwandon. Yana tsaye, ƙafa na rawa, yatsu na matse dabino, ina biya masa aya. Ya karɓa. Na ƙara, ya karɓa. Kafin magariba ya kawo surar tun daga bisimilla, ba tuntuɓe. Rabin dabinon cikinsa ya tafi, Hajiya ta ce halal.

Ko malama za ta bar shi ya yi karatu a tsaye? Gobe da kaina zan je in roƙe ta.

Ɗazu ina lulluɓe shi ya ce, "Inna, ashe ni ma ina da kai?"

Kana da shi, ɗana. A tsaye yake aiki, shi ke nan.