Faifan da Iska ta Dawo da Shi

Yaya Sabi'u,

Ina gaisuwa. Da fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi, yara kuma suna karatu. Ni lafiya lau nake a Edmonton, sai dai ɗakin ya cika shiru.

Abokan aikina sun sa ni wasan firisbi duk Lahadi. Faifan roba ake jefa wa juna, ƙungiya biyu ke karawa, kuma babu alƙalin wasa. Makon jiya na jefa, iska ta dawo da shi, na cafe. Nan take Israel, ɗan ɗaya ƙungiyar mai tsare ni, ya ce, "Almu, ya zama namu. Mai jifa ba ya cafe nasa sai wani ya taɓa." Amma wata 'yar wasa, Jane, ta taɓa yin haka a gabana, aka ce yatsan wani ya shafi faifan. Ni ban ga yatsa ba, ko da yake ranar ban sa tabarau ba.

Kai da ka yi alƙalancin ƙwallo, wannan adalci ne, ko don ni baƙo ne? Ka amsa kafin Lahadi. Ko me ka ce zan je, domin can kaɗai ake kirana da sunana.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya.

Ƙaninka,
Almu