Masalen Baba da Ke Ruɓewa a Ɗakinka

Kibosho, 14 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Elisante,

Ina gaishe ka, domin Mama ta koya mana a fara da gaisuwa ko da wanda ake fushi da shi ne. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka da yaran nan biyu da ban taɓa ɗauka a hannuna ba. Mu nan da sauƙi. Gwiwata ta hagu ta ƙi ni, saniya ta haifi mace, kofi bai yi abin kirki ba bana. 'Yata Aikande ce ke rubutawa ni ina faɗa, tunda kamar yadda ka sanar da duniya, ban yi makaranta ba. Na gaya mata in ta tausasa kalma ɗaya zan gane, don sai katekis na cocinmu ya karanta mini kafin a liƙe ambulan.

Shekara tara ke nan maganarka tana zaune a ƙirjina. Ranar da muka binne Baba, gaban dangi, gaban surukai, gaban waɗanda mbege, giyar ayaba, kawai ta kawo su, ka miƙe ka ce jahilcina ne ya kashe shi, wai da na kai shi asibiti a Moshi da wuri da yana nan. Ni da na goya shi a baya har bakin titi saboda mota ta kasa hawowa cikin laka. Ni da na yi wata bakwai ina juya shi a gado ina wanke shi, kai kuwa muryarka kawai muke samu ta waya. Washegari na je kabari na tarar an sare kan itacen masalen da Baba ya dasa da hannunsa a inda ya ce a kwantar da shi. Saran ma na wanda ya manta riƙon adda ne, a karkace, ɓawo duk a yage. Ka cusa shi a jaka ka hau jirgi, ko sallama babu.

To ranar Lahadi 'yar'uwarmu Haika ta zo daga Arusha ta nuna mini hoto a wayarta. Ta ce na wata ƙawarta ne, shukarta ba ta da lafiya, ko zan duba. Ban gama kallo ba ta fashe da kuka ta ce naka ne, kai ka ce ta tambaye ni kada in sani. Ka manta Haika ba ta taɓa riƙe magana ta kwana ba tun tana yawo ba zane. Na gan shi. Ya yi tsayi har kansa ya tanƙwara a rufin ɗaki, ganyen ƙasa sun yi rawaya, bakin na sama ya ƙone, yana tsaye cikin wata farar tukunya mai ƙyalli, jingine da ƙarfen nan da ke ɗumama muku ɗaki. Na daɗe ina kallonsa. Kada ka ɗauka yabo ne in na ce ya girma. Masale ko akuya ta cinye shi yana tohowa, ba sai da mai digiri ba.

Ta ce kai da matarka Solveig kun yanke cewa duhu ne ke kashe shi, wai rana ta fara ƙaurace wa garinku na Bergen, har kun sayo masa fitila. Kai Elisante, a ina aka haife ka? Yaushe ka taɓa ganin masale yana shan rana? A ƙarƙashin ayaba yake tashi, ayabar ma a ƙarƙashin manyan itatuwa, ga hazon Yuni da Yuli da muke yin sati ba mu ga babban dutsen da ke sama da mu ba. Inuwa gidansa ce. Shi ya sa na ce wa Haika ta bar zancen duhu ta faɗa mini abin da kake ba shi. Ta yi ta murza bakin gyale, sannan ta ce tun bara da ka cika sittin, duk Lahadi kake zuba masa madara da giyar kwalba a gindi, wai kana ba Baba rabonsa. Ta ce tukunyar ma ba ta da huji, don kada katakon ɗaki ya ɓaci.

Aikande ta ajiye biro ta yi alamar gicciye. Ni kuwa ranar dariya na yi har tari ya sarƙe ni. Mu nan in mun zuba a bakin kabari, ƙasa ce ke sha ta kai wa masu shi. Kai ka zuba cikin kwano mai gindi a toshe, shekara guda cur, madara tana tsami a kan saiwa, sannan ka ɗora wa rana laifi. Baba bai taɓa sa madarar kwali a bakinsa ba, giyar kwalba kuwa ka san sunan da yake kiranta da shi, Aikande ta ce ba za ta rubuta ba. Kuma Baba ba ya cikin tukunyarka. Yana nan bayan ɗakina, ni nake share masa ganyen ayaba kowace safiya.

Yanzu buɗe kunne, jahili zai koya maka. Zare shi daga tukunyar yau ɗin nan, ka sunsuna saiwar. Duk wadda ta yi baƙi ta yi laushi ka yanke da wuƙa mai tsabta, mai ƙarfi ka bar ta. Zubar da ƙasar gaba ɗaya, ka samo sabuwa ka cuɗa da yashi mai tsakuwa. Ka nemo tukunya mai huji, ka sa faranti a ƙasa in katakonku ne abin ji. Kada ka ba shi ruwa sai ka tura yatsa har gaɓa ta biyu ya fito a bushe. A watanninku na duhu zai iya kai sati uku bai nema ba, kada tausayi ya kai hannunka ga buta. Ruwan sama za ka tara masa, na ji kuna da shi har ya ishe ku, na famfo yana ƙona bakin ganye. Janye shi daga jikin ƙarfen zafin nan, ka kai shi kusa da taga, amma kada ganye ya taɓa gilashi mai sanyi. Duk sati ka ɗan juya tukunyar don kada ya karkace yana bin haske. Ka riƙa goge ganyen da tsumma mai laima, ɗan hasken da yake samu kada ƙura ta cinye. Sannan ka matsa karan daga ƙasa. In ya lotsa kamar nunanniyar ayaba, gindin ya tafi. Sai ka yanke kan, tsawon kamu ɗaya, a miƙe wannan karon, ka tsoma a ruwa har ya fid da saiwa.

Haika ta ce matarka ta ba da shawara a jefar da shi a sayo wani, wai irinsa cike suke a kantunanku. Ban ga laifinta ba, ba 'yar nan ba ce. In ado kuke so a lungun falo, ku je ku saya. Ku zaɓi mai kara da tauri, mai ganye kore shar, don mai zane-zanen rawaya ya fi son haske. Ku leƙa bayan ganye kada ku kwaso farin ƙwaro mai kama da auduga, ku sunsuna ƙasar kada ta yi tsami. Amma in ka kira shi masalen Baba, ban yafe ba.

Saura abin da ko Haika ba ta sani ba. A ruwan Afrilu magudanar da ke sama da gida ta ɓalle, ruwa ya kwanta a kan kabari kwana tara. Masalen Baba ya ruɓe. Na tona, na yanka gida huɗu na dasa, ko ɗaya bai kama ba. Ni da mutane ke zuwa daga Machame su tambaye ni yadda ake dashe. Na ciro wani daga shinge na kafa a wurin don kada a ga kabari tsirara, kowa yana wucewa yana zaton shi ne. Ni da Aikande mun san ba shi ba ne. Ke nan abin da ka sata shi kaɗai ya rage a duniya daga abin da hannun Baba ya dasa, kuma ga shi kana shayar da shi madara. In kana so ka sake cewa jahilci, ga dama ta samu, faɗi.

Ka san abin da mutum ke yi a nan in ya ɓata wa ɗan'uwansa. Ya tsinko ganyen masale ɗaya, ya ƙulla shi, ya kawo da hannunsa, kuma ba a mayar da mai ganye. Shekara tara kana da itace guda a ɗakinka, ganye har rufi, ko ɗaya bai iso ƙofata ba. Aikande ta tsaya a nan ta ce ni ma ai shingena cike yake da ganye, kuma ni ma ranar na ce da kai baƙo ne da ya zo cin nama. Na faɗa. Bayan taka na faɗa. Ta rubuta haka.

Ka gaida Solveig, ka gaida yaranka Manka da Jonas, ka gaya musu suna da baffa a Kibosho ko ba a taɓa faɗa musu ba. Aikande tana gaishe ku, ta ce ita ba ruwanta. Haika ma tana gaisuwa, tana tsoron kiranka.

Kirsimeti saura sati goma, ya ishi reshe ya yi saiwa. Ka zo da shi ka dasa da hannunka inda ka sare shi. Yadda za ka wuce da shi filin jirgi ba damuwata ba ce, ka san yadda ka fita da shi. Ka zo da ganye ɗaya daban, a ƙulle. Na riga na tona ramin, kullum da safe ina kwashe ƙasar da ta zuba ciki, kuma gwiwar nan ba za ta yi ta durƙuso har abada ba. Kada ka aiko Haika, kada ka aiko hoto. Za ka zo ko ba za ka zo ba? Ka amsa mini, ni, da bakinka.

Yayanka,
Ndewirwa Urassa